Hoton Matar Tela

Kar-a-motsa ake ce masa a layin, don ita ce kalmar da ta fi fita daga bakinsa tun yana saurayi. Mai hoto ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya. Gaban labulen akwai benci da madubi da mataji ɗaure da zare, bayansa kuma kujera ce mai dogon baya, da wani zanen lambu wanda ya koɗe har furanninsa suka koma launin toka. Da wuya ka sami wanda ya girma a unguwar bai taɓa zama kan kujerar nan ba, ya ɗaga haɓa, ya ji an ce masa kar a motsa.

A hannun wani tsoho ya koyi aikin, zamanin fim da ɗakin duhu. Tsohon bai cika magana ba, amma ya bar masa ɗabi'u biyu. Ta farko, duk abin da ake aiki da shi a nemi na biyunsa a ajiye a aljihun tebur, sabo, cikin kwalinsa, kada a taɓa shi sai ranar da na farko ya mutu: ƙwan fitila, batir, igiyar filas. Ta biyu, in na'ura ta yi gardama a ɗan mare ta a gefe, don yawanci waya ce ta saki, marin yakan mayar da ita. Da waɗannan ya rayu, kuma ba su taɓa ba shi kunya ba. Nagatif ɗin mutane kuwa, wato wankakken fim ɗin hotunansu, yana jere a kwalayen takalmi, bi da bi yadda suka zo. Mutum zai shigo ya ce, "Hoton nan na mahaifina da yake riƙe da keke." Sai ya lumshe ido kaɗan, ya miƙa hannu, ya zaro. Daga nan ya samo maganar da yake taƙama da ita: "Hoto ba ya ɓata a wurina."

Da zamani ya juya, fim ya yi wuyar samu, Auta ce ta haɗa masa kwamfuta. Ita ce ƙarama a 'ya'yansa, tana aiki a wani ofis inda ake wuni gaban allo. Ya koyi abin da ya ishe shi: ya zare kati daga kamara, ya zuba hotuna, ya buga. Ba ya sa wa hoto suna. Yadda ya saba da kwalayen takalmi haka ya riƙe su a ka, wane ya zo bayan wane.

Wata rana Auta ta kawo masa wani ɗan faifan ajiya a cikin kwali, girmansa bai wuce tafin hannu ba. A tsaye take, jaka a kafaɗa, mota na jiranta. Ta zaro irinsa nata daga jaka, ta jona, yatsunta suka yi ta rawa a kan allo.

"Ka gani, Baba? Ka ja wannan ka kai nan. Duk ƙarshen mako. Ka gane?"

Ba abin da ya gane. Amma maƙwabcinsa tela yana jingine a bakin ƙofa, igiyar awo a wuya, yana kallo. Sai Kar-a-motsa ya ce, "Sarai."

Bayan ta tafi ya juya kwalin a hannu, ya ga abu ne mai tsada, ya kuma fahimci dai na biyu ne. Na biyu kuwa ya san muhallinsa. Ya ja aljihun tebur, ya ajiye shi kusa da ƙwan fitila. In Auta ta yi waya ta ce, "Baba, kana kwafewa kuwa?" sai ya ce, "Ana yi." Ita ba ta sake bincikawa ba, shi bai sake tambaya ba.

Telan nan, Gobe-da-safe yake ce masa, don ba a taɓa zuwa karɓar ɗinki an same shi ya gama ba. Bangon katako ne tsakanin shagunansu. Sun tsufa suna jin tarin juna. Da rana matar tela takan kawo abinci, kuma kwanon kullum na mutum biyu ne, ko da yake ba ta taɓa cewa na biyun na wane ne ba. Mace ce mai gudun kamara. Sau ɗaya tak ta zauna a kujerar, lokacin da aka matsa mata ta yi katin shaida. Ta haɗe rai, ta ƙanƙame jaka a cinya. Mijinta ya leƙo ta labule ya ce, "Uwargida, ki saki fuska mana, ba kotu aka kawo ki ba. Ko kuwa ni ne a gaban naki?" Dariya ta ƙwace mata, hannun Kar-a-motsa kuma ya riga tunaninsa, ya danna. Aka sake ɗaukar wani na haɗe rai don katin. Da aka nuna wa tela na dariyar a allo, ya daɗe yana kallo.

"In buga maka?"

"Bar shi a wurinka tukuna. Gidana ga yoyo, ga jikoki. Wurinka ya fi."

Shekaru suka shuɗe. Matar tela ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, tela ya dawo shago. Kekensa na ɗinki yakan yi ɗan gudu ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Wata safiya ya shigo shagon mai hoto ya zauna a benci, wurin da bai taɓa zama ba, ya yi ta wasa da matajin nan mai zare.

"Kar-a-motsa, hoton nan. Wanda take dariya. Na katin kamar an kama ta da laifi, jikoki in sun gani sai su ce ba kakarsu ba ce. A yi min shi babba."

"Gobe da safe," in ji Kar-a-motsa.

Suka yi dariya su biyu, dariyar farko tun rasuwar. Amma ta mai hoto ba ta kai ciki ba, don ya san abin da ke bayan labule.

Kwamfutar ta jima ba ta da lafiya. Da farko nauyi ta fara, a buɗe hoto sai an jira kamar mai jiran tafasar ruwa. Daga baya ta fara sandarewa ana tsakiyar aiki, allon ya koma shuɗi da wasu rubuce-rubuce, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Ya ɗora laifin a kan wutar lantarki, ya sauya soket. Ta ci gaba. Ya ce zafi ne, ya kwance murfinta, ya hure ƙura, ya juyo mata fankar da yake sha ita ma ta sha. Ta yi kwana biyu lafiya, ta koma. Wani mai ɗaukar fasfo ya ce ƙwayar cuta ce, ya sa masa wata manhaja ta bincika, ba ta kama ko ɗaya ba. Can kuma sai wata ƙara ta fara fitowa daga cikinta, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon da ya sha ruwa. Duk lokacin da ta sandare yakan yi mata abin da aka koya masa: ya ɗan mare ta a gefe. Wani lokaci takan farfaɗo, sai ya gyaɗa kai ya ce ai maganar manya ba ta faɗuwa ƙasa.

Ranar da tela ya yi maganar, ya kunna ta ya shiga lalube. Ya san bayan wa matar ta zo: bayan wasu tagwaye masu kayan makaranta. Yana gab da isa wurin, allon ya yi shuɗi.

Akwai mai gyara a bakin layinsu, amma bakin layi ido ne. Washegari ya naɗe kwamfutar a tsohon labule, ya ɗauki tasi zuwa wata kasuwa a can wancan gefen gari, inda ba wanda ya taɓa zama a kujerarsa. Mai gyaran da ya samu magidanci ne mai tabarau, shagonsa cike da mutane masu jiran wayoyinsu da kwamfutocinsu. Ya jona ta, ya kara kunne a jikinta kamar likita, bai ko jira allon ya gama haske ba ya kashe.

"Baba, rumbunta ne yake mutuwa. Had-dis. Ciki akwai faifai mai juyawa da wata 'yar allura da ke karanta shi. Ƙarar nan allurar ce take karo. Ta taɓa faɗuwa? Ko ana bubbuga ta?"

"A'a," in ji Kar-a-motsa, yana kallon hannunsa na dama.

"To. Kana da kwafin abin da ke ciki a wani wuri?"

Mutanen da ke benci suka ɗago. Ga furfura, ga jakar kamara a kafaɗa. Ya ji bakinsa ya ce, "Akwai."

"Ai shi ke nan, ba ka da matsala. A cire wannan a jefar, a sa sabo."

"A jefar?"

"Me za a yi da shi? Amma dai kada a ƙara kunna ta haka. Duk kunnawa ɗaya tana cin wani abu a ciki."

Ya gyara hula. Sa'an nan ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Akwai wani abokina. Shi 'yarsa ta saya masa na biyu, yana nan a ajiye cikin kwali, sabo fil. Ai in tasa ta mutu sai ya sa wannan ɗin, ko?"

Mai gyara ya yi dariya, wasu a bencin suka taya shi. "Abokinka ya gina rumbu bai zuba hatsi ba, Baba. Ana zubawa ne tun ta farko tana da rai. Ka ce masa ya kawo tasa yau, kada ya kai gobe."

A nan ne ya kamata abokin ya bayyana. Amma dariyar ba ta gama sauka ba, shi kuma ya riga ya ce akwai. Ya ce zai yi shawara, ya naɗe kayansa a labule, ya fito.

A hanya ya yi wa kansa lissafi irin na mai jin kunya. Hoto ɗaya kawai yake nema. In ya same shi ya buga, ya miƙa wa tela, sauran sai ya kira Auta a hankali su san yadda za su yi. Don haka ya koma ya kunna ta. Ta mutu, ya sake kunnawa. Kullum yakan rufe ƙofa rabi, ya ja labule, ya zauna yana bin layin hotuna, kullum kuma tana mutuwa tun bai kai inda ya kai jiya ba. Ya daina marinta na ɗan lokaci. Amma hannu yana da nasa tunanin.

Tela yakan leƙo. "Yau ma gobe ce?"

"Tawada ce ta ƙare."

Bayan kwana biyu: "Tawadar ta zo?"

"Ta zo. Takarda mai kyau nake jira. Ba zan buga ta a kan ta fasfo ba."

"Kai, mutumin nan, ka sace min suna ƙiri-ƙiri. Ka dawo min da shi, da shi nake cin abinci."

Kar-a-motsa yakan yi murmushi. Ya fara zuwa shago da sassafe kafin tela ya buɗe, ba ya tashi sai ya ji keken ɗinki na gudu. Kwanon rana, wanda yanzu surukar tela ke aikowa, har ila yau na mutum biyu, ya fara ƙin ci, yana cewa cikinsa ba daidai ba.

Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, baƙin allo ne kawai da layi ɗaya na farin rubutu, ƙarar kuma ba ta tsayawa. Ya zauna a kujerar masu hoto, wadda bai taɓa zama a kanta ba, ya daɗe. Sa'an nan ya kira Auta.

Ta zo da rana tsaka. Ta saurari ƙarar, ta zare wayar wuta da sauri.

"Ta tafi, Baba. Amma kada ka damu, ai komai yana cikin wanda na kawo maka. Ina yake?"

Ya ja aljihun tebur. Ya ɗauke ƙwan fitila, ya ɗauke batir, ya miƙa mata kwalin. Ledar da aka naɗe shi da ita tun daga kanti tana nan, ko ƙwarzane babu.

Auta ta juya shi gaba da baya. Ta dubi kwalin, ba ta dubi mahaifinta ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Ni ce ban zauna ba ranar, Baba," ta ce a hankali. "A tsaye na nuna maka."

"Kin tambaye ni ko na gane."

Can ta ce, "Me ke ciki da ya fi damunka?"

Ya nuna bangon katako da haɓa. Ta gane. Ita ma ta ci daga kwanon nan tana ƙarama.

Ta ce akwai mutum ɗaya da ofishinsu ke kai wa irin wannan aiki, in wani abu zai fito to a hannunsa ne. Suka ɗauki tasi. Tun da motar ta karya kwanar kasuwar nan ta wancan gefen gari Kar-a-motsa ya gane inda za su.

Mai tabarau ya gaishe da Auta da fara'a, ya dubi dattijon da ke bayanta, ya dubi tsohon labulen. Ya gyara tabarau.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya abokin naka?"

"Ga shi a gabanka," in ji Kar-a-motsa.

Mutumin bai yi dariya ba wannan karon. Ya jawo masa kujera, ya kwance rumbun ya ɗora a kan tsumma mai laushi. Ya ce zai gwada, amma ba ya alkawari, don da ranar farko ce da kusan duka sun fito. Wannan bai faɗe ta da ƙarfi ba.

Aikin ya ɗauki kwanaki. Abin da ya fito ya fito ne a watse, kamar an zazzage kwalayen takalmi a tsakar gida iska ta bi ta kai. Babu wane bayan wane. Amarya kusa da jariri, jariri kusa da mutumin da ya daɗe da rasuwa. Wasu sun fito lafiya, wasu sun ƙi buɗuwa, wasu an yanka su da layuka masu launi. Auta ta kawo kwamfutarta shago, suka zauna a benci kafaɗa da kafaɗa suna bi ɗaya bayan ɗaya. Ita ke dannawa, shi ke cewa wuce.

Sai ya ce, "Tsaya."

Ita ce. Ɗankwalinta, goshinta, idanunta da suka ƙanƙance don dariya. Daga ƙarƙashin hanci zuwa ƙasa kuwa babu komai sai toka, shafe, kamar an ja mata bargo.

Auta ta daɗe tana kallo. "Baba, ana iya gyarawa. A ɗauko bakin daga hoton katin a ɗora. Ko a sa na'ura ta cike. Ba wanda zai gane."

Ya san ana iyawa. Shi kansa ya sha goge ƙuraje da fensir a zamanin fim, ya sha cike gibi. Ya ga hanyar a buɗe: firam mai kyau, gilashi, tela ya yi godiya, maganar nan tasa ta ci gaba da tsayuwa.

"Bakin da ke katin ba na dariya ba ne," ya ce. "Kuma shi zai gane. Buga shi haka."

Aka buga a kan takarda mai kyau, wadda dama tana nan tun farko. Ya ɗauka da hannu biyu ya fita. Tsakanin ƙofarsa da ta tela ba nisa, amma ranar tafiyar ta yi masa tsawo.

Tela ya tsayar da keke. Ya karɓa, ya matsar da shi kusa da taga. Kar-a-motsa ya fara, "Kwamfutar ce..."

"Na sani. Katako ne tsakaninmu, ba dutse ba. Da na ji kana ta dukanta na ɗauka kiɗa kake koyo da tsufanka." Bai ɗago ba. "Da ka ce min ta lalace, da na yi baƙin cikina sau ɗaya na huta. Kullum sai na koma gida na ce wa yaran nan gobe. Ni da na saba faɗinta, ban san haka take da nauyi ba."

Kar-a-motsa ya tsaya, hannuwansa a baya. Ba a ce ya zauna ba.

Tela ya shimfiɗa hoton a kan teburin yanka, ya ɗora ma'auni, ya ja layi da alli daidai inda tokar ta fara. Ya ɗauki babban almakashi ya yanke, yanka ɗaya, miƙaƙƙe. Tokar ta faɗi cikin ƙyallayen da ke ƙasa. Ya ɗaga abin da ya rage.

"Dama da ido take dariya," ya ce. "Bakin ai rufe shi take yi da mayafi."

Mai hoto shi ya ɗauki hoton. Ya tuna haƙoranta a fili ranar, har da ɗan gibin gefe, hannuwanta biyu kuma a kan jaka.

"Haka ne," ya ce.

"Je ka wanke hannu, an kusa kawo abinci. Ko cikin naka bai daidaita ba har yanzu?"

Auta ta dawo ƙarshen makon, ta ajiye jakarta a ƙasa, ta jawo kujera. Shi ya yage ledar kwalin da hannunsa. Ta nuna, ya ce ta sake. Ta sake, ya ce ta ƙara. Tela yana jingine a bakin ƙofa, igiyar awo a wuya, yana kallo.

Har yau shagon yana nan, kujerar tana nan. Wani lokaci tsohon abokin ciniki yakan shigo da fara'a ya ce, "Ai mun sani, hoto ba ya ɓata a wurinka." Sai Kar-a-motsa ya shiga gyaran labule, ya ce a ɗaga haɓa kaɗan. Hoton kuwa tela bai kai shi gida ba. Ya sa an buga wa jikoki nasu, shi nasa ya maƙale shi a jikin katako, saman keken ɗinki, inda ake hango shi daga waje. Kowace safiya mai hoto yakan tsaya a ƙofar ya yi sallama, su gaisa, su taɓa ba'a. Idonsa dai a kan keken yake tsayawa, ba ya kaiwa ga hoton.